Yadda Ake Sasanta Taƙaddamar Kasafin Kuɗi Tsakanin Gwamna da Majalisa

Da zarar Nuwamba ta kama, tambaya ɗaya ce ke ta zuwa daga sababbin 'yan majalisa, da hadiman kwamishinoni, da matasan da ke bin diddigin kuɗin gwamnati: gwamna ya kai kasafi, majalisa ta yi masa gyara, shi kuma ya ce ba zai sa hannu ba, to ta ina ake ɓullo wa lamarin? Wasu kuma tambayarsu ta fi zafi: sulhun da ake yi a irin wannan hali, anya ba raba ganima ba ne kawai?

Wani lokacin raba ganimar ce. Ana gane ta da alama ɗaya: kowa ya fito daga ɗakin taro da fara'a, jimillar kasafi ta kumbura, amma babu wanda zai iya nuna inda ƙarin kuɗin zai fito. Sulhun da ke amfanar jama'a yana da tsari, kuma jeren matakansa ya fi komai muhimmanci. Wanda ya fara rabon ayyuka kafin a amince da yawan kuɗin da za a samu, ya riga ya ɓata aikin. Na gina wannan jagora a kan majalisar dokokin jiha, domin a nan yawancin masu tambayar suke, sai dai na ɗauko misalai daga Abuja da wasu ƙasashe.

1. Lissafa kwanakin da doka ta ba ku

Kafin kowa ya ɗaga waya, a buɗe kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 121 ya ɗora wa gwamna shirya kasafi ya gabatar wa majalisa kafin sabuwar shekarar kuɗi ta kama. Sashe na 100 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu a kan ƙudurin da majalisa ta zartar ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisa na iya sake zartar da shi da kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta, ya zama doka ba tare da sa hannunsa ba. Sashe na 122 kuma ya ba gwamna damar ci gaba da cire kuɗin tafiyar da gwamnati har tsawon wata shida idan shekara ta shiga babu kasafi, muddin bai wuce abin da aka amince a kashe a daidai wannan lokaci a kasafin bara ba. A matakin tarayya, sassa na 81 da 82 da 59 ne ke yin wannan aiki.

Sai ka rubuta ranaku uku a takarda: ranar da aka miƙa wa gwamna ƙudurin, ranar da kwana 30 za su cika, da ranar 30 ga Yuni. Daga nan ka ƙirga kawuna. Majalisun jihohi suna da kujeru daga 24 zuwa 40. A majalisa mai kujera 40 irin ta Kano, kashi biyu cikin uku mutum 27 ne, a mai kujera 24 kuma mutum 16. Wanda ya san ko majalisa na da wannan adadi ko ba ta da shi, ya san nauyin kowane ɓangare tun kafin a zauna.

Gargaɗi: kada wata shidan nan ya ruɗe ku. Albashi zai ci gaba da fita, amma sababbin manyan ayyuka jira za su yi. A Arewa kuwa rani ne lokacin aikin hanya da madatsun ruwa, kuma takin da bai isa hannun manomi kafin damina ta zauna ba, amfaninsa ya ragu. An sa hannu a kasafin tarayya na 2016 ranar 6 ga Mayu, na 2017 ranar 12 ga Yuni, na 2018 ranar 20 ga Yuni. Duk ukun sun rasa rani. Na 2020 kuwa, da ɓangarorin biyu suka daidaita tun da wuri, Shugaba Buhari ya sa masa hannu ranar 17 ga Disamba, 2019.

2. Tattara kayan aiki

Ba a zuwa sulhun kasafi da baki kawai. Kowane ɓangare ya zo da kwafin kasafin da gwamna ya gabatar, da wanda majalisa ta zartar, da kasafin bara, da rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, da takardun kason tarayya na wata goma sha biyun da suka wuce daga ofishin akanta janar, da ainihin abin da hukumar tattara haraji ta jiha ta tara, da jadawalin basussuka da ranakun biyansu, da takardar hasashen kuɗi ta shekara uku, da dokokin zaman majalisa.

Abu mafi amfani a cikinsu shi ne jadawali guda a kwamfuta mai shafi huɗu: sunan aiki, abin da gwamna ya sa, abin da majalisa ta mayar, da bambanci. Ma'aikata biyu ƙwararru, ɗaya daga ma'aikatar kasafi ɗaya daga ofishin akawun majalisa, za su iya haɗa shi cikin 'yan kwanaki. Kusan iyakar kuɗin da sulhu ke ci ke nan: alawus ɗin ma'aikatan nan, da buga takardu, da wurin zama. Babu dalilin kwashe mutum arba'in a kai otal a wata jihar.

Gargaɗi: ku fara amincewa a kan kwafi ɗaya, ɓangarorin biyu su sa hannu a kowane shafinsa. A Janairun 2016 an shafe kwanaki ana ce-ce-ku-ce a Majalisar Dattawa kan ɓatan takardar kasafi da kuma bayyanar kwafi daban-daban. Daga baya aka yi ta jayayya kan aikin jirgin ƙasa na Legas zuwa Kalaba: ɓangaren zartarwa na cewa an cire shi, majalisa na cewa ai tun farko ba ya cikin abin da aka kawo mata. Irin wannan gardama ba ta ƙarewa sai da takarda mai sa hannu.

3. Gano ainihin abin da ake faɗa a kai

Idan jadawalin ya kammala, za ka tarar cewa mafi yawan layukan kasafi babu wanda ya taɓa su. A ware su gefe, a rubuta cewa an amince da su. Wannan kaɗai yana rage zafi, domin rikicin da ake kira na kasafin biliyan ɗari uku sai ya koma na biliyan ashirin.

Abin da ya rage yakan kasu uku. Akwai faɗan kuɗi zalla, wato wane aiki zai samu nawa. Akwai faɗan iko, wato shin majalisa na da hurumin shigar da sabon aikin da ma'aikata ba ta tsara ba. Tun 1999 ake wannan jayayya a Najeriya, kuma ba a teburinku za a warware ta ba, don haka kowa ya riƙe matsayinsa, a ci gaba da maganar lambobi. Sai na uku, wanda ba a cika faɗinsa a fili ba: tikitin zaɓe mai zuwa, naɗin shugabannin hukumomi, ko saɓani tsakanin gwamna da ubangidansa na siyasa. Idan wannan ne tushen, ko shekara za ku yi kuna lissafi ba za a daidaita ba. A kai shi wurin dattawan jam'iyya a zaure daban, a bar teburin kasafi da lambobinsa.

4. Zaɓi waɗanda za su zauna

Mutum huɗu ko biyar daga kowane ɓangare sun isa. Daga gwamnati: kwamishinan kasafi, kwamishinan kuɗi, akanta janar, da sakataren gwamnati. Daga majalisa: shugaban kwamitin kasafi, shugaban masu rinjaye, shugaban marasa rinjaye, da akawun majalisa. Gwamna da kakakin majalisa kada su shiga zagayen farko. Su ne za a kai wa abin da ya gagara, kuma idan tun farko suka yi musayar kalamai gaba da gaba, babu wanda ya rage da zai raba.

Idan gaba ta yi nisa, a nemi mai shiga tsakani da ɓangarorin biyu ke jin kunyarsa, kamar tsohon kakaki ko babban sakataren da ya yi ritaya kuma ya san lissafi. Ni dai ban cika son a jawo sarakuna cikin wannan ba, domin gwamna ke da iko a kan masarautu, kuma duk hukuncin da sarki ya yanke, wani ɓangare zai ce an fi ƙarfinsa ne.

A zaman farko a amince da ƙa'ida biyu: babu wanda zai je rediyo ko Facebook har sai an tashi, kuma duk abin da aka amince a kai na wucin gadi ne har sai an amince da komai.

Gargaɗi: kada a bar marasa rinjaye a waje don suna da ƙaranci. A Ghana, zaɓen 2020 ya bar manyan jam'iyyu biyu da kujeru 137 kowacce, da ɗan indifenda guda. A Nuwamban 2021 'yan adawa suka yi watsi da kasafin 2022 saboda harajin tura kuɗi ta waya, ɓangaren gwamnati ya soke wannan hukunci bayan 'yan kwanaki, har ta kai ga dambe a zauren majalisa a Disamba. Gwamnati ta rage harajin daga kashi 1.75 zuwa 1.5 cikin ɗari, amma da aka zo zartar da shi a Maris na 2022 'yan adawa fita suka yi. Rangwamen da ka yi da kanka, ba tare da an zauna an yi ciniki ba, ba ya saya maka ƙuri'ar kowa.

5. A tsayar da kuɗin shiga kafin komai

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin maguɗi. A auna tuwon da ke tukunya kafin a jera kwanuka.

Ku ɗauki ainihin kuɗin da suka shigo asusun jiha a wata goma sha biyun da suka wuce: kason tarayya, da rabon harajin kayayyaki, da kuɗin shiga na cikin gida. Wannan ne ma'auni. Duk wanda ke son a ɗora wani abu a kai, ya kawo hujja a rubuce, kamar sabuwar dokar haraji da ta riga ta fara aiki, ko yarjejeniyar tallafi da aka riga aka sa wa hannu. Bashin da ba a kammala maganarsa da banki ba, da kuɗin da ake fatan gwamnatin tarayya za ta mayar wa jiha wata rana, ba sa shiga lissafi.

A ce, don misali, jiha ta samu naira biliyan 250 bara. Gwamna ya kawo kasafin biliyan 300, majalisa ta mayar da shi 330. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce an haɗu a 320, a ƙara hasashen haraji don lissafi ya daidaita, kowa ya tafi gida. Amma idan shekara ta ƙare aka tara 265, akwai ayyukan biliyan 55 da suke a takarda kawai. Wa zai zaɓi waɗanda za a biya da waɗanda za a bari? Gwamna da akanta janar, su kaɗai, a ofis. Wato majalisar da ta kumbura kasafi don ta nuna iko, da hannunta ta miƙa wa gwamna ikon da ya fi wanda yake da shi tun farko. Wannan ita ce hujjar da za ka gaya wa 'yan majalisar da suka dage sai an ƙara, kuma takan yi tasiri fiye da wa'azin kishin jiha.

Kasafin tarayya na 2018 misali ne a fili. Shugaba Buhari ya gabatar da naira tiriliyan 8.612 a kan hasashen gangar mai dala 45. Majalisa ta ɗaga hasashen zuwa dala 51, ta mayar da jimillar tiriliyan 9.12. Ranar sa hannu, shugaban ya koka cewa an zaftare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da ya gabatar, an kuma shigar da sababbin ayyuka 6,403 na naira biliyan 578. Ɗaga farashin mai a takarda ne ya buɗe ƙofar mafi yawan wannan ƙari.

Idan an tsayar da kuɗin shiga, a tsayar da iyakar giɓi da bashin da za a ci. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta sa wa gwamnatin tarayya iyakar kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Ku duba ko jiharku na da irin wannan doka, ku bi ta. Sai a rubuta jimillar a babban allo, kowa ya sa hannu. Daga wannan lokaci, duk wanda ya ce a ƙara wa wani aiki, shi zai faɗi aikin da za a rage.

6. Cire abin da ba a ciniki a kansa

Daga jimillar, a fara cire albashi, bisa mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da ya zama doka a 2024 ko abin da jihar ta amince da shi sama da haka. Sai fansho da garatuti, da biyan bashi, wanda wani ɓangarensa ma tun daga Abuja ake yankewa kafin kason jiha ya iso, da kason ɓangaren shari'a da na majalisa.

Akwai abu biyu da ake yawan mantawa. Na farko, kuɗin da jiha za ta ajiye kafin ta karɓi tallafi, kamar na hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, inda sai jiha ta sa nata kason kafin a sakar mata na tarayya. Wanda ya yanke naira ɗaya a nan, biyu ya yi asara. Na biyu, ayyukan da suka kusa kammaluwa. Asibitin da aka yi wa rufi saura kayan aiki ya fi sabon harsashi cancanta, ko da gwamnatin da ta wuce ce ta fara shi.

Gargaɗi ga majalisa: wannan ba lokacin ƙara wa kanku kaso ba ne. A 2018 Majalisar Tarayya ta ɗaga nata kasafin daga naira biliyan 125 zuwa 139.5, kuma duk wata hujja mai kyau da take da ita kan sauran gyare-gyaren, wannan ƙarin ya rufe ta a idon jama'a.

7. Cinikin abin da ya rage

Kowane ɓangare ya shiga ɗakinsa ya raba buƙatunsa gida uku: wanda ba zai bari ba ko ana ha-maza-ha-mata, wanda yake so ƙwarai, da wanda zai iya haƙura da shi. Rukunin farko kada ya wuce abu uku ko huɗu. Idan aka dawo aka kwatanta, sau da yawa abin da gwamna ya fi damuwa da shi ba shi ne ya fi damun majalisa ba, kuma a nan musaya take.

Ga hanyoyin da suka fi aiki. A raba babban aiki shekara biyu: gadar sama ta biliyan 30 ta karɓi 18 bana, 12 baɗi, ragowar ta tafi ga asibitocin karkara da majalisa ke nema. Ko a buɗe jerin jira, wato ayyukan da aka amince da su amma ba za a sakar musu kuɗi ba sai kuɗin shiga ya wuce wani adadi da aka rubuta a tsakiyar shekara. Wannan ita ce amsar wanda ya rantse cewa haraji zai ƙaru: in ya ƙaru, aikinka ne farko. Ko kuma a yi alkawarin ƙwarya-ƙwaryar kasafi. Da irin wannan fahimta Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kasafin 2017, cewa za a koma majalisa da buƙatar mayar wa wasu manyan ayyuka kuɗin da aka rage musu. Hanya ce mai kyau, amma sai an rubuta ranar da za a kai buƙatar da ranar da majalisa za ta zauna a kanta. In babu ranaku, magana ce kawai.

Haɗuwa a tsakiya ma tana da wurinta, idan lambobin biyu duk na gaskiya ne. Bayan rufewar ma'aikatun gwamnatin Amurka ta kwana 16 a Oktoban 2013, an ɗora wa mutum biyu aikin sasantawa: Paul Ryan na Majalisar Wakilai da Sanata Patty Murray. Wakilai na neman dala biliyan 967, Dattawa na neman tiriliyan 1.058. Suka tsaya a tiriliyan 1.012, suka ajiye manyan batutuwan haraji da tallafin jin daɗin jama'a da suka san ba za su daidaita a kai ba, suka ƙulla yarjejeniyar shekara biyu. Abin koyi a nan shi ne sun taƙaita burinsu ga abin da zai yiwu.

Gargaɗi na farko: ku guji yanke kaso ɗaya daga kowace ma'aikata don a ce an yi adalci. Kashi 10 daga kuɗin tafiye-tafiye da kashi 10 daga kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro ba ɗaya ba ne.

Gargaɗi na biyu: kada ka yi garkuwa da dukan kasafi saboda abu ɗaya. Shugaba Trump ya dage sai an ba shi dala biliyan 5.7 na katangar iyaka da Meksiko. Wani ɓangare na gwamnati ya rufe kwana 35, daga 22 ga Disamba, 2018 zuwa 25 ga Janairu, 2019, ma'aikata kusan 800,000 suka zauna babu albashi. Ofishin kasafi na majalisar ƙasar ya ƙiyasta asarar dala biliyan 11, kusan biliyan 3 daga ciki ba za su dawo ba. A ƙarshe majalisa ta amince da biliyan 1.375.

8. Ayyukan mazaɓu

Kusan kowane rikicin kasafi a Najeriya yana da wannan a ƙarƙashinsa, don haka gara a fito da shi fili. Ɗan majalisa yana da gaskiya idan ya ce shi mutanen ƙauyensa ke tarewa a wurin ɗaurin aure su tambaye shi rijiyar burtsatse. Ma'aikata ma tana da gaskiya idan ta ce ba za ta iya gina ɗakin shan maganin da babu malamin asibitin da za a tura ba.

Mafita ita ce a ware adadi guda sananne, a raba daidai ga kowace mazaɓa ba tare da duba jam'iyya ba. Ɗan majalisa ya zaɓi aiki daga jerin da ma'aikatu suka riga suka yi wa ƙiyasi, a sa kowane aiki a ma'aikatar da ta dace da shi, a rubuta sunan gari da unguwa da kuɗi. Bayar da kwangila kuma ta bi dokar sayen kayan gwamnati.

Gargaɗi: layin da aka rubuta "tallafa wa matasa" ko "horar da mata" ba tare da adadin mutane da wuri ba, shi ne inda kuɗi ke ɓacewa. Tun 2019 hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ke bin sawun ayyukan mazaɓu na tarayya, kuma irin waɗannan ne suka fi wuyar tantancewa.

9. Rubuta, sannan a bi layi-layi

Abin da aka amince da baki da daddare, da safe kowa da yadda zai tuna shi. A rubuta yarjejeniyar a wurin, a haɗa da jadawalin ƙarshe, kowa ya sa hannu kafin a tashi. Daga nan majalisa ta koma zaurenta ta gyara ƙudurin bisa dokokin zamanta, domin takardar da aka sa wa hannu a ɗakin taro ba doka ba ce.

Sai aikin da ya fi gajiyarwa, wanda kuma ba a tsallakewa: ma'aikatan nan biyu su zauna su karanta kwafin ƙarshe layi bayan layi, su tabbatar jimillar ta yi daidai da cikakken bayanin. A 2016 Majalisar Tarayya ta zartar da kasafi a Maris ta aika da jimilla ba tare da cikakken bayani ba, Shugaba Buhari ya ce ba zai sa hannu ba sai ya gani, aka ƙara makonni ana daidaitawa.

Kowane ɗan majalisa ya samu kwafinsa kafin a kaɗa ƙuri'a. Manyan zarge-zargen cushe guda biyu da suka girgiza Abuja daga cikin majalisar suka fito, kuma bayan an riga an sa hannu: na ɗan Majalisar Wakilai Abdulmumin Jibrin a 2016, da na Sanata Abdul Ningi a hirarsa da BBC Hausa a Maris na 2024. Dukansu an dakatar da su, amma shakkun da ya shiga zukatan jama'a dakatarwa ba ta cire shi ba.

10. Sanarwa

A fitar da sanarwa ɗaya ta haɗin gwiwa, a bar wa kowane ɓangare abin da zai nuna wa mutanensa. Hadiman gwamna su kame bakinsu daga cewa majalisa ta durƙusa, domin baɗi ma akwai kasafi. A wallafa cikakken kasafin a intanet a makon da aka sa hannu, da taƙaitaccen bayani da Hausa don gidajen rediyo.

11. Bin sawun sakin kuɗi

Yarjejeniyoyi da yawa a nan suke mutuwa. Kasafi izinin kashewa ne, gwamnati ce ke riƙe da mabuɗin asusu. Don haka tun a teburin sulhu a rubuta cewa akanta janar zai kawo wa kwamitin kasafi rahoto kowane wata uku, mai nuna abin da ya shigo da abin da aka saki ga kowace ma'aikata, kuma idan kuɗi ya gaza, za a zauna tare a yanke shawarar abin da za a jinkirta. A sa ranar zaman duba kasafi a Yuli. Ƙungiyoyin farar hula da 'yan jarida su nemi wannan rahoto, su ɗauki ayyuka goma a ƙaramar hukumarsu su je su gani da ido.

12. Idan sulhu ya ci tura

Hanya uku suka rage. Gwamna na iya sa hannu ya bayyana ƙorafinsa a fili, ya biyo da buƙatar gyara, kamar yadda Shugaba Buhari ya yi a 2018. Majalisa na iya amfani da kashi biyu cikin ukunta, amma ta sani cewa wannan zai mayar da ƙuduri doka ne kawai, ba zai tilasta wa akanta janar sakin ko kwabo a kan lokaci ba. Ko a tafi kotu, wadda za ta iya fayyace wa ke da hurumin me, sai dai shari'ar kan wuce shekarar kasafin kanta.

Akwai hanya ta huɗu da wasu kan ba gwamnoni shawara, wato a tsallake majalisar a kai kasafi ga 'yan tsirarun da ke goyon baya. Kada a bi ta. A Disamban 2023 Gwamna Siminalayi Fubara na Ribas ya gabatar da kasafin 2024 na naira biliyan 800 ga 'yan majalisa da ba su kai cikin cokali ba, aka bar 27 da ke tare da kakaki Martins Amaewhule a waje. Kotu ta soke kasafin. Ranar 28 ga Fabrairu, 2025 Kotun Ƙoli ta umarci Babban Banki da akanta janar na tarayya su daina sakar wa jihar kasonta har sai an gabatar da kasafi ga halastacciyar majalisa. Ranar 18 ga Maris Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da gwamnan da mataimakiyarsa da majalisar baki ɗaya na wata shida, ya naɗa kantoma.

Idan kun ga kwana 30 na neman cika babu daidaito, ku tsaga kasafin a aikace: a zartar da duk abin da aka amince a kai tun mataki na 3 da na 6, a ajiye abin da ake jayayya a kai don ƙwarya-ƙwaryar kasafi, a rubuta ranar da za a dawo kansa, kuma ranar ta kasance kafin ƙarshen Maris domin a samu sauran rani.